Wane kayan aiki ya kamata in saya don yanka sikatin da katakon bakin ƙofa, kuma me ya sa kwana take buɗewa?

Mai tambaya ya gama ginin gidansa na bulo a Kano, an yi filasta an shimfiɗa tayil. Yana so ya sa sikatin na katako, wato tsirin da ake zagaye gindin bango da shi, a falo da ɗakuna 3, ya kuma zagaye ƙofofin ciki da katakon ado. Ya gwada da zarton da yake da shi a gida, ya yanka katako biyu a digiri 45, da ya haɗa su a lungu sai ga baki a buɗe. Yana tambaya ko sai ya sayi injin yanka kwana, da kuma abin da zai kafe katakon da shi a bangon siminti.

Malam, kafin ka kai kuɗinka kasuwa, ɗauki sukwaya, wato ma'aunin kusurwar digiri 90, ka sa a lungunan falon nan ɗaya bayan ɗaya. Da wuya ka sami wanda ya cika digiri 90 cif. Da cokali magini yake gyara lungu, filasta kan taru a ciki ta yi kauri, a gindin bango kuma ta bazu waje kamar bakin ƙaho. Yanka biyu na 45 kuwa ba sa haɗuwa sai a kan 90. Idan ka sayi inji zai ba ka 45 mai tsabta, amma bangon yana nan yadda yake, bakin zai sake buɗewa. Kuma kuskuren ba sai ya yi yawa ba. A katakon bakin ƙofa mai faɗin milimita 70, tsawon yankan kwana kusan milimita 99 ne, don haka digiri 1 kacal na kuskure a haɗin yana barin rami na kusan milimita 1.7 a ƙarshe ɗaya. Ido na ganin wannan daga bakin ƙofa. Saboda haka aikin na dabara ne kafin ya zama na inji: a bi bango yadda ya zo, kada a ɗauka cewa daidai yake.

Don gida ɗaya, kayan hannu sun ishe ka. Zarton da ka yi amfani da shi mai yiwuwa irin na yanka katakon rufi ne, mai haƙora 7 ko 8 a kowane inci, wanda yake yayyage bakin katako. Nemi mai ƙananan haƙora, 12 zuwa 14 a inci. Akwai irin wanda ake sa wa ƙarfe a gadon bayansa don kada ya lanƙwashe, shi ne ya fi miƙe yanka, sai dai ƙarfen nan kan tokare da akwatin yanka kwana idan katakon ya yi tsayi. Ga sikatin mai tsayin inci 4 ko fiye da aka tsayar, zarto marar ƙarfen baya mai ƙananan haƙora ya fi shiga. Sai akwatin yanka kwana, wato wanda ake sa katako a ciki, zarto ya bi tsagar da ke gefunansa. Na roba da ake sayarwa yana yin aiki, amma tsagarsa kan faɗaɗa bayan yanka kaɗan, zarto ya riƙa rawa a ciki. Gara ka haɗa naka da katako mai tauri guda 3, ɗaya a ƙasa biyu a gefe, gefunan su ɗara sikatin ɗinka tsayi da kamar inci 1. Fitar da 45 ba ya buƙatar ma'aunin digiri: auna faɗin akwatin daga waje zuwa waje, auna daidai wannan tsawon a jikin gefe ɗaya, ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Sauke layin tsaye da sukwaya a gefe biyu, sannan ka yanka tsagar a hankali, domin duk abin da za ka yanka nan gaba ita zai bi.

Abu na uku, wanda yawancin mutane ba sa saya kuma shi ne maganin matsalarka, siririn zarto ne mai kama da baka, wanda ruwansa bai fi kaurin tsinken tsintsiya da yawa ba, ana iya juya shi ya bi lanƙwasa. Kuɗinsa kaɗan ne. Sayi ruwan zarton na canji da yawa, suna karyewa. Bayan waɗannan sai tef ɗin awo, sukwaya, fensir mai tsini, ma'aunin ruwa irin na magina, ƙaramin filen na hannu don feƙe katako, magagari mai zagaye a gefe ɗaya, cizal, sanfefa lamba 120 da 180, da dirila mai iya huda kankare.

Inji yana da amfani idan aikin ya wuce gida ɗaya ko kana son ka mai da shi sana'a. Babbar fa'idarsa ita ce yana iya aske rabin milimita daga bakin katako, yana kuma iya tsayawa a 44 ko 46, abin da akwati ba ya yi. In za ka saya, mai faifan inci 10 ya isa. Faifan da yake zuwa da shi galibi mai haƙora 24 zuwa 40 ne, na aikin gini, sai ka canza shi da mai 60 zuwa 80. Injin da faifansa ba ya zamewa gaba da baya yana yanka katakon da aka kwantar mai faɗin kusan inci 5 da rabi, wanda aka tsayar a jikin shinge, wato ƙarfen da ake jingina katako a jikinsa, kusan inci 3 da rabi, to ka auna sikatin ɗinka kafin ka zaɓa. Ka tuna da wuta: irin waɗannan injuna suna cin wat 1,500 ko fiye, kuma suna jan fiye da haka lokacin tashi, ƙaramin janareta na fanka da talabijin ba zai tayar da shi ba. Kada ka yarda da lambobin digiri da ke jikin injin sai ka gwada: yanka guntu biyu a 45, haɗa su a jikin sukwaya, gyara shingen in akwai rami. Hannu ya yi nesa da faifai da aƙalla inci 6, a bar faifan ya tsaya cak kafin a ɗaga shi, kuma ƙaramin guntu daga jikin dogon katako ake yanko shi, ba a riƙe shi da yatsu.

Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne ɗaura faifan zarto a kan giranda, kamar yadda ake gani a wuraren gini. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ba ta da shimfiɗar da za ta zauna a kan katako, idan haƙori ya cije sai ta yi tsalle ta dawo kan mai riƙe da ita. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya, kuma yankanta ma ba ya miƙewa.

Yanzu katakon kansa, domin a ƙasar Hausa shi ne dalili na biyu da kwana take buɗewa, ko da ta haɗu ranar da aka sa ta. Yawancin katakon kasuwa daga kudu yake zuwa da ɗanyantakarsa. Katako ba ya raguwa a tsawo sai abin da ba a kula da shi, a faɗi yake tsukewa. Da damina, a watan Agusta, yana shan laima ya kumbura, da hunturu ya zo iska ta bushe sai ya saki ruwan. A ƙiyasin masu aikin katako, faɗi kan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk lokacin da ruwan jikinsa ya sauka da kashi 4. Katako mai faɗin milimita 100 da aka sa da laima zai iya rasa milimita 2 zuwa 3 kafin Fabrairu. Alamar a bayyane take a kwanar ƙofa: idan bakin ya buɗe ta ciki, wajen firam, bushewa ce. Idan ta tsinin waje ya buɗe, kumburi ne. Don haka sayi busasshe, ka jera shi a cikin ɗakin da za a sa shi, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, mako 2 aƙalla. Wanda ya yi nauyi da sanyi a hannu, ko zarto yake fitar da gari mai danshi daga jikinsa, watanni yake buƙata. Wanda ya murɗe a wannan zaman ka ware shi don gajerun wurare.

Maɗaci yana da kyau in za a shafa banish, sai dai jijiyarsa a sarƙe take, filen marar kaifi yana ɓantare shi. Iroko ya fi jure wa gara da laima, amma yana dakusar da zarto, ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi da atishawa, a rufe hanci. Obece yana da laushin yanka da sauƙin kuɗi, amma ƙwari na son sa, ƙafar kujera ma tana lotsa shi. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, a miƙe yake kuma yana karɓar fenti, faranti ɗaya na ƙafa 4 da 8 yana ba da tsiri 11 masu faɗin milimita 100, wato ƙafa 88. Lahaninsa ruwa: a gidan da ake goge tayil da tsumma jiƙe kullum, gindinsa kan kumbura ya yi kamar burodi. In shi za ka sa, shafe gindin da bayansa da fenti kafin kafewa, ka ɗaga shi milimita 2 ko 3 daga tayil. Kowane katako ka zaɓa, shafa wa bayansa maganin gara na gaske. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi bai dace da nan ba, yana wari a ɗaki, yana ratsowa ta fenti, kuma gam ba ya kama shi. Idan gindin bangon yana tsattsafo da danshi ko farin gishiri, to kada ka sa katako sam, yi sikatin na tayil ko na roba har a gyara danshin.

Lissafin saye: ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zagayensa ƙafa 48 ne, cire ƙafa 3 na ƙofa saura 45, ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na asara. Ka lura cewa katakon ƙafa 12 ba ya cika bangon ƙafa 12, domin bakunansa kan tsage sai an datse su. Guda 5 za ka saya.

Ga yadda ake yin lungu, kuma nan ne za ka ga bambanci. A lungu ba a haɗa 45 da 45. Ko ya haɗu a hannu, da zarar sukuru ya ja kowane katako zuwa bangonsa sai su rabu. Abin da ake yi shi ne katako na farko ya tafi kai tsaye ya tokare da bango, bakinsa a miƙe. Na biyu kuma a sassaƙa bakinsa ya ɗauki siffar fuskar na farko, ya hau kanta ya zauna. In sikatin ɗin shafaffe ne marar ado, aikin ya ƙare: yanka na biyun a miƙe, ka ɗan feƙe bayan bakin, ka tokara. In yana da ado a sama, sai ka fara yanka bakin a 45 kamar za ka yi kwanar ciki, yadda bayan katakon zai fi fuskarsa tsawo. Wannan yankan ba don haɗi ba ne, don ya fito maka da layi ne: iyakar da ɗanyen yanka ya haɗu da fuskar katako ita ce ainihin siffar adon. Goga gefen fensir a kan layin ya yi baƙi. Sashen da yake miƙe ka yanke shi da zarto na yau da kullum, sashen lanƙwasa kuma da siririn zarton nan, kana karkata shi kaɗan zuwa baya yadda zai fi cin bayan katakon fiye da fuskarsa. Manufar ita ce siririn bakin gaba kaɗai ya taɓa ɗan'uwansa, bayan ya zama fanko. A inda lanƙwasar ta yi tsanani, yi 'yan yanka daga baya zuwa layi don guntayen su faɗi, kada ka tilasta wa ruwan zarto juyawa. Bar layin fensir ɗin a jiki, ka ƙarasa da magagari ko sanfefa da aka naɗe a jikin sanda. Gwada da guntun sikatin, ɗaga su wajen haske, inda ya tokare ka rage. Siririn tsinin da ke can sama yana saurin karyewa, riƙe shi da babban yatsa lokacin da kake gogewa. Irin wannan haɗi ba ya damuwa ko lungun 88 ne ko 92, kuma idan katako ya tsuke ba ya nuna rami a fuska.

Fara da bangon da yake fuskantar ƙofa, bakinsa biyu a miƙe, sannan na gefe su hau kansa, yadda mai shigowa ba zai kalli cikin haɗin ba. Kullum sassaƙa bakin tukuna kafin ka datse tsawon, domin in ka ɓata kana da sauran katakon sakewa. A dogon bango ƙara milimita 1 ko 2 a kan awo, lanƙwasa tsakiyar waje, sa bakunan, sannan ka danna tsakiyar ta shiga, zai matse lungun da kansa.

Kwanar waje, irin ta ginshiƙi ko inda bango ya juya zuwa baranda, dole sai yankan kwana. Amma kada ka ɗauka 45 ne. Manna tef na takarda a kan tayil wajen kwanar. Jingina sikatin a bango ɗaya ya zarce kwanar, ja layi a ƙasa ta fuskarsa. Yi haka a ɗaya bangon. Layukan biyu za su gicciye a wani wuri. Daga tsinin bango zuwa wannan mahaɗa, shi ne layin yankanka na gaskiya. Mayar da kowane katako wurinsa, yi alama a bayansa inda tsinin bango yake, a fuskarsa kuma inda mahaɗar take, haɗa alamun ka yanka. Mai inji da ma'aunin digiri zai raba kwanar biyu ya cire daga 90: kwana mai 88 ana sa inji a 46, mai 92 a 44. In za a yi kuskure, gara ya zama fuska ta haɗu baya ya ɗan buɗe, domin bango zai ɓoye bayan. Shafa farin gam na katako a bakunan biyu, ja su da tef na takarda, buga siraran ƙusoshi 2 bayan ka huda musu hanya. Ramin da bai fi kaurin gashi ba, a murza jikin sukundireba a kan tsinin, zai rufe. Inda bango ya fi katako tsawo kuma, kada a tokara baki da baki a miƙe. A yanka duka biyun a 45 ta gefe ɗaya, ɗaya ya hau ɗaya, da gam, a kafe kowanne kusa da haɗin.

Katakon bakin ƙofa shi ake fara sawa kafin sikatin, kuma ya ɗara shi kauri, misali milimita 20 a kan 15, don bakin sikatin ya ɓuya a jikinsa. Ja layi milimita 5 daga bakin firam a gefe biyu da sama. Wannan ratar tana ba hinji wurin juyawa, tana kuma ɓoye ƙaramar karkata. A nan ajiye tef ɗin awo: tsayar da katakon gefe a wurinsa, yi alama inda layin gefe ya haɗu da na sama, nan ne gajeren bakin yankan. Kafe na gefe ɗaya sama-sama, gwada na sama a kansa, gyara da filen har ya zauna, sannan ka yi alamar ɗaya bakin. Matsalar da aka fi samu ita ce filasta ta ɗara firam tudu, katakon ya kwanta a karkace, kwana ta ƙi haɗuwa daidai. Sassaƙe filastar da za ta ɓuya a bayansa da cizal na gini, ko a rage bayan katakon. In firam ɗin ne ya fito, ƙara siririn tsiri a bayan gefen waje. Firam na ƙarfe ba ya karɓar ƙusa, sai a kafe a bango kawai.

Tayil ma ba kullum yake kwance daidai ba. Ɗora sikatin a wurinsa, daidaita samansa da ma'aunin ruwa kana cusa 'yan guntaye a ƙasa, sannan ka sami guntun katako mai kaurin rami mafi girma, ɗora fensir a kansa ka ja shi a kan tayil daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Layin da ya fito a jikin sikatin shi ne siffar ƙasan, feƙe har zuwa kansa.

Batun kafewa, bindigar ƙusa ta iska irin ta aikin katako ba ta shiga bulo, kada ka saye ta don wannan aiki. Ƙusar kankare tana shiga, amma a bulo mai rauni tana farfasa filasta ta saki, in ta karye kuma tana tashi kamar harsashi, sai da tabarau. Abin da ya fi riƙo shi ne fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, da sukuru, tare da gam ɗin gini. Huda katakon tukuna, faɗaɗa bakin ramin don kan sukuru ya nutse, jingina shi a bango ka yi alama, huda bangon da bakin dirila na milimita 6, sa fisha ta milimita 6. Tsawon sukuru shi ne kaurin katako da na filasta da kamar milimita 30 a cikin bulo, wato wajen milimita 60. Tazara santimita 40 zuwa 60, da ɗaya kusa da kowane ƙarshe. Inda bango ya yi kwari kada ka matse sukurun har katako ya bi shi, cusa guntu a baya, katakon ya tsaya a miƙe a cike saman daga baya. Gam shi kaɗai ba ya riƙo a bangon da aka shafa wa farar ƙasa ko mai ƙura, domin fatar saman yake kamawa ta ɓallo tare da shi, sai an kankare an share. Kuma kada ka huda daidai ƙarƙashin soket ko makunni, ko bangon da bayansa banɗaki ne, sai ka tabbatar ta inda bututun waya da na ruwa suka bi.

Adon saman bango inda ya haɗu da silin yana da ƙa'ida ɗaya da take rikita mutane: a kife ake sa shi a akwati, gindin akwatin ya zama silin, gefensa ya zama bango, a karkace yadda zai zauna a sama. Buga ɗan tsiri a gindin akwatin ya tare shi don kowane yanka ya zama a karkata ɗaya. Na POP da na farin soso duk da zarton hannu ake yanka su, kuma ƙaramin rami a haɗinsu ana cike shi da POP ɗin.

Ramukan sukuru a cike su da foti idan fenti za a yi. In banish ne, a yanko 'yan toshe daga irin katakon a manna a goge, domin garin katako da aka kwaɓa da gam ba ya shan launi, yana fitowa tabo-tabo. Ratar da ke tsakanin saman sikatin da bango a cike ta da abin cike tsaga na akirilik wanda fenti yake kamawa, a share da jiƙaƙƙen yatsa. Silikon na banɗaki fenti ba ya zama a kansa. Ka fara aikin daga ɗakin da baƙi ba sa shiga, kuma kafin ka taɓa dogon katako ka yi haɗin lungu sau 3 ko 4 a kan guntaye, falo ya zama na ƙarshe.